Cinikin Cikin Gida

A wata unguwa ta Damazin, a ƙasar Sudan, an yi wani tsoho Bahaushe da ya kwanta jinya a gidan 'yarsa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya buge shi a ƙarshen shekarar 2020, yana tsakiyar lambunsa, aka ɗauko shi a amalanken jaki. Bayan 'yan makonni a asibiti, likita ya ce abin da ya rage sai jinya a gida. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi, amma ido yana gani, kunne kuma yana ji. Aka kafa masa gadon igiya, wanda a can ake kira angarib, a ƙarƙashin rumfa. 'Yar ce take juya shi, ta ba shi kunu da cokali, ta wanke abin da ya ɓata. Wanka kuwa sai ɗanta saurayi, gama tsohon bai yarda mace ta ga tsiraicinsa ba, ko da 'yar cikinsa ce.

Wanda bai san tarihi ba zai yi mamakin abin da ya kai Bahaushe kusa da iyakar Habasha. Hanyar Makka ce ta kai su. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata suke ratsa Borno da Wadai da Darfur da ƙafa, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, waɗansu kuwa tsayawar ke nan har mutuwa. Da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Kakan tsohon nan yana cikin waɗanda suka biyo baya. Bai kai Makka ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, amma ƙasa ba ta samu ba. Gonar haya ta Jazira, wadda suke kira hawasha, kaɗan ne daga cikin mutanen Yamma suka riƙe ta. Yawancinsu 'yan ƙodago ne, suna tsinkar audugar wani, suna kwana a bukkoki a gefen magudanar ruwa.

Saboda haka ƙasa ba ƙaramin abu ba ce a wurin Bahaushen Sudan. Tsohon nan ya yi tsinkar auduga yana yaro, sa'an nan ya yi aikin lebura a ginin madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, wadda kuma ita ce ta mai da Damazin gari. Da abin da ya tara ya sami fili faddan 2 a wani ƙauye a hayin Rusairis (faddan ya ɗan ɗara eka ɗaya). Shi ya sare ƙaya, ya dasa mangwaro da lemun tsami da gwaba da ayaba. A gangare kuma akwai jarf, watau ƙasar bakin kogi da ruwa yake rufewa da damina, in ya janye a shuka albasa da tumatir da kuɓewa. Daga baya ya sayi injin ban ruwa, wanda a can suke kira babur, abin da zai ba mutumin Kano dariya. A lambun nan ya aurar da 'ya'ya huɗu. Da aka ƙara wa madatsar tsayin mita 10, aka gama a 2013, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonakin da suke sama da ita, aka kwashe mutane zuwa sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. Nasa lambun yana ƙasa da madatsar, ya tsira, darajarsa kuwa ta ƙaru.

Takardar mallaka dai babu. Dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, dokar 1984 da ta biyo bayanta kuma ba ta bar wa irin su tsohon nan kome ba sai ikon amfani. Abin da ya riƙe masa lambun shekara da shekaru shi ne sanin maƙwabta, da sanin shehun ƙauye, da itatuwan da kowa ya ga lokacin da ya dasa su.

Jinya kuwa kura ce, ba ta ƙoshi. Ga maganin hawan jini, ga kuɗin mai motsa masa gaɓoɓi, ga kuɗin raksha zuwa asibiti da dawowa, ga sabulu da ƙunzugu. Babban ɗansa tela ne a Omdurman, yana aiko da abin da ya sawwaƙa. Na biyun direban lori ne, wata ɗaya yana gida, wata biyu yana hanya. Auta tana aure a Mai Wurno. Mai jinyar ta riga ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta na zinariya, mijinta bai ce kome ba, amma shirun miji ma magana ce. Lambun kuwa ɗan ƙanen tsohon ne yake dubawa. Maraya ne, tsohon ne ya raine shi, a gindin mangwaron nan ya girma, shi kaɗai ne kuma ya san halin injin in ya ƙi tashi.

A watan Janairu na 2021 babban ɗa ya zo daga Omdurman. Aka zauna a zaure, su huɗu: 'ya'ya maza biyu, da ɗan ƙanen, da mijin mai jinya. Tsakanin zauren da rumfar tsohon bai fi taku goma ba. Ɗan ƙanen ya ce in za a sayar, shi ya fi cancanta, gama gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kowa ya ga gaskiyar maganarsa. Aka yanka farashi na zumunci, wanda in an kira baƙo ya taya da ya ninka shi. Ya biya sulusi nan take, sauran kuma sau huɗu, bayan kowace kaka ta albasa da ta mangwaro. Ba a rubuta kome ba, ai tuwona maina ne. Mai jinyar ta bakin ƙofa aka gaya mata, tana riƙe da kwanon kunu. Auta ba a aika mata ba. Tsohon kuwa aka ce kada a tayar masa da hankali, jininsa zai hau.

Ba za a ce mugaye ba ne. Kuɗin farko kaf a kan tsohon aka kashe, har aka saya masa keken guragu. Da a ce baƙo ne ya zo saye, da babu wanda zai yi ƙarfin halin karɓar kuɗinsa ba tare da an shiga rumfa an gaya wa mai lambu ba. Da an kira shaidu, an zaga iyaka, an yi tayi an yi albarka. Amma da yake mai sayen ɗan gida ne, sai kowa ya ji kamar ba abin da ya fita. Lambu yana nan, mai ban ruwa shi ne dai na jiya, kwandon lemo zai ci gaba da zuwa. Me za a gaya wa Tsoho, tun da ba abin da ya sāke? Da wannan tunani aka tsallake dukan abubuwan da ake yi wa baƙo, aka kuma tsallake mai abin. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Mutumin da ake juyawa, ake share wa baki, da sauƙi a fara maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, daga nan kuma a fara lissafin kayansa kamar ya riga ya tafi.

Ba a yi wata biyu ba kuɗin ƙasar ya faɗi. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen watan Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Da ɗan ƙanen ya kawo biya na biyu, daidai yadda aka yi alkawari, ko fam ɗaya bai rage ba, kuɗin bai isa maganin wata biyu ba. Albasarsa kuwa da sabon farashi ya sayar da ita. Mai jinyar ta ƙirga kuɗin, ta dube shi, ta ce, "Yaya, wannan ne rabon Baba?" Ya ce, "Abin da aka yanka ke nan." Gaskiya ya faɗa. Ta kira babban wansu a waya, ya ce magana ta riga ta wuce, namiji ba ya cin amansa. Daga ranar ta daina gaishe da matar ɗan ƙanen a wurin biki.

A cikin waɗannan watanni harshen tsohon ya fara sakewa. Kalma ɗaya, kalma biyu, har ya iya haɗa magana in an yi haƙuri da shi. Abin da ya fara tambaya kuwa lambu ne. Kowace Jumma'a ɗan ƙanen yakan haye kogi da kwandon lemo da gwaba, ya durƙusa a gefen gado, tsohon ya yi ta ba shi umarni. A sassabe gindin ayaba. Kada a bar injin a gangare, ruwa yana tafe. Mangwaron kusurwa ya tsufa, amma kada a sare shi. Shi kuwa sai ya ce, "To, Baffa. An gama, Baffa." 'Yar tana jinsu daga madafa. Wata takwas ana haka.

Wani tsohon masunci, abokinsa tun zamanin ginin madatsa, shi ya fasa ƙwan, ba da nufi ba. Ya zo dubiya, aka gaisa, aka taɓa zancen duniya, sai ya ce, "Alhaji, ka yi dabara da ka sayar wa yaron nan. Da baƙo ne da tuni ya sare itatuwan." Tsohon ya dube shi. Ya juya ido wajen 'yarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Bai ce kome ba. Ya mai da fuskarsa wajen zana, ya kwana uku ba ya karɓar kunu, sai ruwa.

A rana ta huɗu ya ce a kira masa liman, a kira 'ya'yansa duka, har Auta. Iyalin Musulmi ne, kamar kusan dukan Hausawan Sudan, limamin kuwa bai yi kwana-kwana ba. Ya ce muddin mutum yana cikin hankalinsa, wanda ya sayar da kayansa ba da izninsa ba, cinikin yana rataye har sai mai kaya ya yarda ko ya ƙi. In kuwa hankalin ya gushe, alƙali ne yake naɗa wanda zai kula da dukiyarsa, ba 'ya'ya ne suke naɗa kansu a zaure ba. Gado kuma ba a maganarsa sai an dawo daga maƙabarta. Babban ɗa ya fara bayani a kan tsadar magani, da gudun kada jinin Baba ya hau. Tsohon ya ɗaga hannun hagu, ya yi shiru. Maganar ta ɗauke shi lokaci, ana jira kalma bayan kalma. Ya ce, "Da kun tambaye ni, shi zan ba. Wa ya san injin in ba shi ba?" Ya huta, sa'an nan ya dubi ɗan ƙanensa, ya ce, "Wata takwas ina aikenka a gonarka, kana ce mini to." Mutum mai 'ya'ya biyar ya fashe da kuka kamar yaro.

Mai karatu a Wusasa ko Kagoro ko Gindiri ba sai an fassara masa wannan labari ba, gama ana yin irinsa a gidajen masu bi, da gonar tsohon mai bishara, da filin gwauruwar da aka kai birni wurin 'yarta. Wanda ya saba da littafin Irmiya kuma zai tuna da sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin yana tsare, sai Hanamel ɗan baffansa ya zo ya ce ya sayi gonarsa ta Anatot, gama shi ne yake da hakkin fansa. Ciniki ne na cikin gida ƙwarai. Duk da haka Irmiya ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu a takarda, ya hatimce ta, ya kira shaidu, ya miƙa wa Baruk takardun a gaban jama'a, ya ce a sa su a tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ba don yana zargin ɗan'uwansa ba ne. Ma'auni da shaidu su suke sa 'yan'uwa su iya haɗa ido bayan shekara goma. Baƙo in ya cuce ka, ka daina bin layinsu. Ɗan baffa kuwa za ku haɗu a suna, ku haɗu a jana'iza, 'ya'yanku ma su gāji maganar.

Aka sāke cinikin daga farko. Dattawa uku na ƙauyen suka zaga lambun, suka ƙirga itatuwa, suka duba injin, gama ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Masuncin nan ne ya kawo shawarar da ta warware batun faɗuwar kuɗi: kada a yanka farashi da fam, a yanka shi da buhun dawa, kowane biya a duba abin da buhu yake yi a kasuwar Damazin a ranar. Abin da ɗan ƙanen ya riga ya biya aka mai da shi buhuna, aka cire. Tsohon ya yi masa rangwame da bakinsa, rangwame mai yawa ma, amma wannan karon kowa ya san nawa aka bari, ya kuma san wanda ya bari. Ya kafa sharuɗa biyu. Kuɗin a hannun mai jinya za a riƙa sawa, ba ta hannun kowa ba. Lemon da yake bakin rijiya da mangwaron kusurwa kuma nasa ne muddin yana numfashi. Auta ta so ta ce wani abu a kan rabonta, ta dubi ubanta, ta fasa. Aka rubuta da Larabci, kofi uku, shehun ƙauye ya buga hatimi. Da aka zo dangwala yatsa sai aka ɗan yi cirko-cirko, gama babban yatsan dama ya ƙandare. Tsohon ya miƙa na hagu.

Daga nan kwandon Jumma'a ya zama iri biyu. Ɗan ƙanen yakan ware lemon bakin rijiya dabam, ya ce, "Baffa, ga naka." Sauran kuma ya ce, "Ga nawa, na kawo maka." Tsohon ya daina ba da umarni, sai shawara, ita ma sai an tambaye shi. Biya biyu suka shiga hannun 'yar a kan kari.

Sai damina ta 2022 ta zo. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a jihar tsakanin Hausawa da waɗansu kabilun da suke maƙwabtaka da su, bayan an ƙi amincewa da neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya tasu. A ƙarƙashin maganar sarauta kuwa maganar ƙasa ce: wa yake da ita, wa kuma baƙo ne, ko da kakansa a nan aka binne shi. Aka kashe fiye da mutum 100 a wannan wata, Rusairis tana cikin wuraren da abin ya fi muni. A watan Oktoba aka sāke kashe fiye da 200 a yankin Wad al-Mahi cikin 'yan kwanaki. Dubban mutane suka cika makarantun Damazin, waɗansu suka nufi Sinnar da Jazira da Farin Nilu. Ɗan ƙanen ya haye kogi da matarsa da 'ya'yansa da tufafin jikinsu. Tsohon aka ɗora shi da gadonsa a bayan lorin ɗansa, aka rufe shi da leda saboda ruwan sama, aka kai shi gidan Auta a Mai Wurno, garin da kakansa ya fara sauka.

Biya na gaba ya zo, ba lambu, ba albasa. Babban ɗa ya ce takarda takarda ce, ciniki ya faɗa, asara ta mai saye ce. Direban ya ce ina mutumin da yake kwana a ajin makaranta zai sami buhun dawa? Auta ta goyi bayan babban wansu. Mai jinyar, wadda ita ce ta fi kowa bukatar kuɗin, ta ce a bari tukuna. Da a ce cinikin zaure ne yake nan, da su huɗu za su yi ta ja, kowa yana ganin nasa ake taɓawa. Amma yanzu bashin yana da mai shi. Aka shiga aka gaya masa. Ya ce a ɗauko takardar, a rubuta a bayanta cewa ba biya sai ran da yaron ya sāke shuka albasa a jarf ɗin. Babban ɗa ya ce, "Baba, hakkin magada fa?" Tsohon ya ce, "Ban mutu ba tukuna." Ya sāke dangwala yatsan hagu.

Ya rasu a farkon 2023, aka binne shi a Mai Wurno, kafin yaƙin da ya tashi a Khartum ran 15 ga Afrilu na wannan shekara. Yaƙin ya kori telan daga Omdurman. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024, kafin soja su karɓe su daga baya, iyalin kuwa suka warwatsu gari uku. Kofin shehun ƙauye ba wanda ya san inda yake. Na ɗan ƙanen ya ƙone tare da ɗakinsa tun 2022. Na uku mai jinyar ta naɗe shi a leda, ta ɗinke cikin matashin da ubanta ya yi jinya a kai, duk inda ta gudu da shi take tafiya.

Sau ɗaya ɗan ƙanen ya leƙa lambun, da rana tsaka, bai daɗe ba. An kwance injin, ayaba ta bushe, an sare mangwaro uku an yi gawayi. Lemon bakin rijiya yana nan. Ya tsinko abin da aljihu zai ɗauka, ya kawo wa ƙanwarsa, ya ce wannan na Baffa ne, yanzu ya zama na magada, sai a raba. Ta ƙirga, guda 11 ne. Ta ware na maza bibbiyu bibbiyu, nata ɗaya, na Auta ɗaya, ta tura masa sauran biyar.